Kwamfutocin da Na Turara

Kusan kowane mako sai wani matashi ko wata budurwa ta shigo shagona a Galtimari riƙe da waya, a nuna mini bidiyon minti ɗaya: tsohon akwatin kwamfuta a hannun wani mutumin ƙasar waje, an fesa masa fenti, an kunna fitilu, ya fito kamar ango. Daga nan sai a tambaye ni ko zan koyar a sati biyu, tunda hutu ya kusa ƙarewa. Ba na yi wa kowa dariya, don ni ma da irin wannan tunanin na shigo. Nakan ba mutum kujera, in miƙa masa samfefa da wani murfin ƙarfe, in ce ya fara gogewa muna hira. Abin da nake faɗa musu a wannan zaman shi ne na ga ya dace in rubuta, ƙannena, saboda da yawansu hannu kan gaji su tashi kafin in kai ƙarshe.

Sana'ata ita ce gyaran kesin, wato akwatin ƙarfen da kayan cikin kwamfutar tebur ke zaune a ciki. Mutum ya kawo mini nasa baƙi ko ruwan toka irin na kowa, in mayar masa da shi yadda ko cikin ɗari zai gane abinsa. Kesin na farko da na taɓa na babana ne. Ina aji uku a jami'a aka tafi dogon yajin aiki, zaman gida ya ishe ni, sai na ɗauko wata tsohuwar kwamfutarsa da ragowar fentin ƙofa. Na shafe ta shuɗi da buroshi, na zana balbelu suna tashi a gefe ɗaya. Kwana uku ina zagaya ta ina kallo. A rana ta bakwai na sa farce a gefe, fentin ya biyo ni kamar ɓawon albasa, har da balbelun. Babana, wanda ɗan Kano ne mai sayar da yadi, ya duba ya ce zanen bai yi laifi ba, amma ƙarfe yana da mutanensa. Ya ce in ina so da gaske zai kai ni wurin Ba Modu, wanda ya fesa masa ƙofar shago shekara da shekaru kuma har yau ba ta ɓare ba.

Rumfar Ba Modu tana cikin Gwange, ƙarƙashin wata dalbejiya, tsakanin mai walda da mai ɗinkin kujerun keke. Kekunan haya da tsofaffin firij yake fesawa. Dattijo ne dogo, mai jar hula, wanda yatsunsa suka daɗe da manta asalin launinsu. Da babana ya gabatar da ni, sai ya dubi farar lafayar da na yafa, ya tambaya ko biki muka zo gayyatarsa. Ya ce bai taɓa koya wa mace ba, kuma bai san kwamfuta ba, amma ƙarfe duk ƙarfe ne. Tun ranar ya sa mini suna 'Yar Kano, ko da yake a Maiduguri aka yanke mini cibiya kuma mahaifiyata Babarbariya ce irinsa. Wata huɗu ban taɓa bindigar feshi ba. Guga kawai. A fara da samfefa mai kaushi a cire tsohon fenti, a bi da mai laushi, a ƙare da mai santsi ana tsoma ta a ruwa. In na ce na gama, ba ya dubawa da ido. Rufe ido yake yi ya bi ƙarfen da tafin hannu a hankali, kamar mai neman zazzaɓi a goshin jariri, ya tsaya a wani wuri ya ce nan. In na shafa sai in ji ɗan tudun da idona bai gani ba.

Murfin wani koren firij shi ne abu na farko da ya bari na fesa. Ya nuna mini yadda ake surka fenti da tina, ruwan da ke tsinka shi, har ya riƙa zuba daga sanda kamar madara, yadda bakin bindiga ke tsayawa taƙi ɗaya daga ƙarfe, da yadda wuyan hannu ba ya motsi, kafaɗa ce ke tafiya. Shafi uku ne: faraima da ke kama ƙarfe, sai launi, sai shafin ƙarshe mai sheƙi da masu fenti ke kira kiliya. Ya kuma koya mini abin da bidiyon ƙasar sanyi ba zai taɓa faɗa muku ba, cewa a garin nan feshi na safe ne. Da rana ta ɗaga, fentin kan bushe a iska kafin ya isa ƙarfe, ya sauka da tsakuwa-tsakuwa kamar an watsa tsakin gero. Don haka da an idar da sallar asuba nake shiga keke, in isa Gwange masu ƙosai suna hura wuta. Da hantsi mun wanke bindiga. Shekara guda na yi a haka kafin ya ce in je in ɓata ƙarfen kaina, nasa ya huta.

Wanda ya fara biyana wani mai zanen taswirar gine-gine ne. Yana son taga a gefen kesinsa don a riƙa ganin ciki, kewaye da zane irin na hular zanna. Aikin ya koya mini cewa kafin a taɓa ƙarfe sai an kwashe komai na ciki, kowane sukuru a kofinsa, kowace waya da alamarta, domin ƙwayar ƙarfe ɗaya da ta faɗa kan allon kwamfuta ta isa ta kashe shi. Na rufe murfin da tef, na zana layi a kan tef ɗin, na huda kusurwoyi huɗu, na yanka da ƙaramin giranda, sannan na zauna da magagari kwana biyu ina kashe kaifin bakin har ya daina kama zaren auduga. Zanen hular kuwa sai da na aro ta kakana na ƙirga ɗinkin gida-gida, na yanke shi a takarda mai manne da tsinin wuƙa. Da ya zo ɗauka ya daɗe a tsugune yana bin zanen da yatsa, sannan ya tambaya ko zan yi wa abokinsa.

Daga nan suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Masu ɗaukar hoto, masu shagon buga takardu, samarin da ke buga ƙwallo a kwamfuta suna son launin kulob ɗinsu da fitilu masu canzawa. Wani malamin makaranta ɗan kudancin Borno ya kwatanta mini duwatsun garinsu da baki, na zana masa su da damina, kore shar, ya ce na ƙara musu tsawo amma in bar su haka. Wani Alhaji ɗan Kano ya ce shi zinariya yake so ko'ina, har cikin inda ba a gani. A wurin irinsu na koyi cewa rabin aikin sauraro ne. Mutum zai ce ja, amma sai ka shimfiɗa masa ja iri biyar a rana kafin ya gane wanda ke ransa, kuma sau da yawa ruwan goro yake nufi.

Yanzu sai in faɗa muku abin da Ba Modu bai sani ba, don a gida nake yin sa. Mahaifiyata, Ya Kaltum, turaren wuta take haɗawa tana sayarwa. A gidanmu babu abin da ke fita ba a turara shi ba: kayan sawa, zanen gado, ƙyallen da ake rufe kwanon maƙwabta, har takardun makarantarmu ƙamshi suke yi. A wurinta miƙa wa mutum kaya ba ƙamshi kamar miƙa shi da hagu ne. Saboda haka ban ma yi tunani ba. Duk kesin da na gama, na mayar da fankoki da kayan ciki, sai in ɗora shi a kan wata kujera mai raga, in sa kasko a ƙasa, in lulluɓe da tsohon zane, in bar shi ya sha hayaƙi. Masu kaya suka so abin ƙwarai. In an kunna kwamfuta fanka ta juya, sai ɗaki ya cika da ƙamshin sandal. Har aka fara kwatance da ni, ana cewa a je wurin yarinyar nan mai kwamfuta mai ƙamshi.

Fararen kesin huɗu na Anti Rifkatu su ne aiki mafi girma da na samu a lokacin. Anti Rifkatu 'yar ƙasar Biu ce, tana da shagon haɗa bidiyon biki a Maisandari. Auren coci da na masallaci duk ta hannunta suke bi, kuma kusan duk mai ɗaukar bidiyo a garin nan ya taɓa zama a bencinta yana jiran aikinsa. In ta ce abu yana da kyau, an gama magana. Ta zo mini da wata tsohuwar ƙwarya a naɗe cikin ɗankwali, ta mahaifiyarta, mai baƙin zanen da ake ƙonawa da wuƙa mai zafi. Ta ce fari take so tas, da wannan zanen ya zagaye kowane kesin kamar ɗamara. Sati biyu na yi ina kwafe zanen, don layin da aka yi wa abu mai zagaye ba ya yarda ya kwanta a shimfiɗe sai an lallaɓa shi. Ta matsa tana son kayanta, ni kuma ina son ta gani, don haka kwana biyu da fesa kiliya na haɗa komai. Na taɓa da yatsa na ji ya bushe. Kuma saboda girmanta a idona, turaren da Ya Kaltum ke ajiye wa amare na ɗebo, mai yawan mai, na turara kowanne har sau uku. Ranar da na kai su, ta jera su a kan dogon teburinta suka yi kamar tantabaru huɗu.

A shekarar ne wutar lantarki ta ɗauke a garin nan wata da watanni. Kowa ya koma janareta, kuma janaretan da ke ɗauke da kwamfuta huɗu ba shi da sauran ƙarfin na'urar sanyi. Sai bazara ta shigo, irin bazararmu da ƙarfen ƙofa ke ƙona hannu tun kafin azahar. Mai zanen gine-gine ne ya fara kira, ya ce kwamfutarsa tana kashe kanta da rana. Sai malamin makaranta ya ce sararin samaniyar da ke bayan duwatsunsa ya koma ruwan ƙwai. Kafin wata ya ƙare kesin shida sun dawo, dukansu da cuta iri ɗaya: fenti yana danƙo, launi ya dushe, fikafikan fanka sun yi kauri da wani baƙin abu mai kama hannu. Magana ta zaga cewa jabun fenti nake amfani da shi. Waɗanda suka ce za su kawo aiki suka daina ɗaga waya. Na zauna a shago mako uku ba wanda ya leƙo sai mai sayar da ruwa.

Ranar wata Laraba da la'asar keke ya tsaya a ƙofa, Anti Rifkatu ta fito, mai keken ya sauke kesin huɗu a gabana. Farin ya koma kalar man shanun da ya kwana biyu. A saman ɗaya akwai rabin katin gayyatar biki manne, ta yi ƙoƙarin ɓarewa ya yage. Ta zauna ta karɓi ruwa ta sha, ta tambayi lafiyar Ya Kaltum, sannan ta gaya mini cewa jiya kwamfuta ɗaya ta mutu ana tsakiyar fitar da bidiyon wata amarya, dangin suna zaune suna jira.

"Ƙanwata, ni ban zo faɗa ba," in ji ta. "Ƙarshen watan gobe ni ce da karɓar taron masu bidiyo, a shagona za a yi. Duk za su ga teburin nan. Ko su ga fararen kesin naki, ko su ga baƙaƙe na kasuwa. In baƙaƙe suka gani za su tambaye ni dalili, kuma kin san ba zan yi ƙarya a kanki ba."

Na ce na sani, Anti. Na roƙe ta ta bar mini su. A yammacin na kwashe kayan cikinsu, na wanke fankokin, na zuba komai cikin tsofaffin kesin da nake gwaji da su, na kai mata don aikinta kada ya tsaya. Sati shida ke gabana, kuma ban san me ya jawo cutar ba.

Mai sayar mini da fenti na fara zargi. Na je har shagonsa da gwangwanin, ya rantse ya maya, ya nuna mini kekunan da aka fesa da irinsa suna yawo a rana lafiya lau. Na zargi tina, na sayo wata, na fesa gwaji, ya bushe garau. Na zargi zafi, amma firij ɗin Ba Modu ma a zafin suke. Kwana tara suka tafi a haka. A na goma na naɗe murfi ɗaya a zane na nufi Gwange, abin da ya kamata in yi tun farko.

Ba Modu yana zaune yana tace fenti da tsohuwar safa. Ya yi mini sannu da Barbarci, ya ce wushe, 'Yar Kano, an tuna da talakawa. Na ajiye murfin a gabansa na zayyana masa komai, har da sunan fentin da yawan tina. Ya danna babban yatsa a kai, ya ɗaga, ya dubi shatin da ya bari. Ya kankara da farce. Sannan ya kai yatsan hanci ya shaƙa, ya sake shaƙa, ya ɗago ya dube ni.

"Wa aka aurar wa ƙarfen nan?"

Na ce ban gane ba, Ba.

"Ƙamshin ɗakin amarya nake ji. Ke kika turara shi?"

Da na ce eh, kuma duk aikina haka nake yi, ya yi dariya har hularsa ta zame, ya kira mai walda da Barbarci ya zo ya shaƙa. Da ya nutsu sai ya yi mini bayani. Fentin da yatsa ya ji ya bushe fatarsa ce kawai ta bushe, cikinsa ɗanye ne har sati biyu ko uku. Na ɗauki ɗanyen fenti na lulluɓe shi da hayaƙi mai mai, man ya shige ciki ya zauna. Da sanyi bai nuna ba, da zafi ya zo sai ya tashi. Ya ce shekara arba'in yana faɗa da ruwa da rana da gaggawar masu keke, amma bai taɓa tunanin zai gargaɗi almajirinsa game da kasko ba.

A gida na tambayi Ya Kaltum abin da ke cikin turaren amare. Ta lissafa mini: itace, ƙaro, man turare iri uku, da sukarin da ake narkawa a wuta don ya riƙe su. Na kawo mata fanka ɗaya da ban wanke ba. Ta murza baƙin abin a yatsa ta ce ai wannan shi ne ke taruwa a murfin tukunyar haɗi, da ruwan zafi ake fitar da shi. Ashe sukari da mai na yi ta shafa wa fankokin mutane, duk zare da ƙurar da ta wuce sai ta manne, har fanka ta kasa juyawa. Ta ce turarenta na mutane ne, ita ba ta taɓa cewa a ba inji ba.

Washegari na je Maisandari na gaya wa Anti Rifkatu gaskiya, cewa ba fenti ba ne, ni ce. Ta dafe haɓa tana saurare. Da na gama ta ce ita ma har da ƙamshin ya sa ta zo wurina, don haka kada in cinye laifin ni kaɗai. Amma ta kawo wata magana da ban yi tunaninta ba. Ta ce ko na daina turarawa, shagonta ba ya rabuwa da hayaƙi: maƙwabciyarta tana kunna kasko safe da yamma, amare da ƙawayensu suna shigowa da shi a jikin lafaya. Ta ce a garin nan duk kwamfutar da ba za ta iya zama da turare ba, to ta koma inda aka ƙera ta.

Kankare kesin huɗun har ƙarfe ya ci kwana biyar, don danƙon yana toshe samfefa, sai an wanke da tina an sake. Na mayar da aikin rumfar Ba Modu saboda kwamfuresarsa, mai hura wa bindigar feshi iska, da fetur take aiki. Faraima, guga, fari shafi biyu, zanen ƙwarya, kiliya. Da na gama saura kwana goma sha tara, kuma har yanzu sai fentin ya nuna har ciki kafin a haɗa. Masu kuɗi suna da ɗakin gasa fenti, mu ba mu da ko wuta. Ina zaune ina kallon wani mataccen firij da aka kwantar a bayan rumfa, na buɗe shi don in ajiye samfefa, zafin da ya bugi fuskata ya sa na ja baya. Na tambayi Ba Modu ko wannan ba ɗakin gashi ba ne. Ya dube shi ya dube ni, ya ce wani lokacin karatun boko yana da rana. Muka cire ƙofar, muka shafe cikin da baƙi, muka rufe da gilashin tsohuwar taga, muka bar 'yar kafa a gefe don warin tina ya fita. Kullum da hantsi in jera murafan a ciki a kan sanduna, in lulluɓe su da farin ƙyalle daga sama don kada rana ta dafa launin kai tsaye, da la'asar in kwashe. Rana ta takwas Ba Modu ya danna farce da ƙarfinsa, bai bar ko alama ba.

Maganar hayaƙin maƙwabta kuwa, a akwatin Ya Kaltum na samo maganinta. Na gwada soso, ya toshe iska. Na gwada ragar sauro, komai ya wuce. Sai na tuna tsofaffin lafayoyinta masu shara-shara. Na ɗauki kesin gwaji mai fanka, na manna farar takarda a ciki, na rufe mashigar iska da yankin lafaya, na ajiye kasko a gaba awa guda. Ninki ɗaya, takardar ta yi rawaya. Ninki uku, fanka ta fara nishi. Ninki biyu ya tare mafi yawan man, iska kuma tana wucewa har tana kaɗa zare. Ba ya tare komai da komai, amma ana zare shi a wanke duk Asabar kamar ɗankwali. Na yi wa kowane kesin siririn firam mai riƙe da lafaya ninki biyu, da ke zamewa daga ƙasa, na kuma ƙara fanka ɗaya a sama, inda zafi ke taruwa. Har yau babu kesin da ke fita daga hannuna ba da wannan matatar ba, kuma babu wanda ke fita kafin sati uku, ko na waye.

Ranar taron Asabar ce, da azahar, zafi kamar a gasa masara a kan tebur. Na kai kesin tun da safe na haɗa. Mutum kusan ashirin suka cika shagon, wasu a benci wasu a tsaye, janareta yana ruri a waje, maƙwabciya kuma kamar an aike ta ta kunna kaskonta. Anti Rifkatu ta sa duka kwamfutoci huɗun suna fitar da dogayen bidiyo a lokaci ɗaya, ta ci gaba da taronta kamar ba ta san da su ba. Ni ina kusurwa ina sauraron fankoki. Sai da aka gama maganar ƙungiya, aka ci abinci, awa uku cur, sannan ta tashi ta ɗauki katin gayyata ta ɗora a kan kesin da ya fi zafi, ta danne da tafin hannu, ta ƙirga goma, ta hura shi da baki. Katin ya zame ya faɗi ƙasa. Dukansu huɗu suna aiki.

Ta gaya musu abin da ya faru daga farko, har da turaren, aka yi dariya sosai, wani ya ce shi ma matarsa tana turara masa kyamara. Sannan ta nuna wani mai suna Ɗanladi, wanda ya fi kowa yaɗa maganar jabun fenti, ta ce ya zo ya danna da yatsansa. Ya danna, ya kankara, ya leƙa ƙasa ya zaro matatar ya mayar. Ya yi gyaran murya ya tambaye ni, in ya ba ni tasa yau, yaushe zai karɓa.

Na ce sati uku bayan feshi.

Ya ce haba, Hajiya, sati uku ai ya yi yawa, ko ba za a rage masa ba.

"Akwai baƙaƙe a kasuwa, Ɗanladi," in ji Anti Rifkatu tana tattara kwanuka. "Yau-yau za a ba ka."

Ya tsaya yana kallon zanen ƙwaryar. Daga nan ya fita, muka ji tashin mashin ɗinsa. Kafin in gama naɗe wayoyina ya dawo rungume da kesinsa, wasu mutum biyu kuma suna tambayar Anti kwatancen shagona. Da na tare keke zan koma Galtimari, sai da na zauna a gaba kusa da direba, don bayan ya cika da kesin Ɗanladi da tsofaffin kesin gwajina huɗu.